Hisae da Hasken Ɗakin Sekiya

Duk garinmu babu wanda bai san Hisae Nagumo ba, kuma da wuya ka sami gidan da ba ta cinye musu lemo ba. Ni Tatsuko, mai shagon gyaran gashi a kwanar gidan waya, aji ɗaya muka yi da ita tun firamare, don haka ina da bakin faɗin abin da wasu ke jin nauyin faɗa. Mace ce gajera, mai saurin tafiya, mai nawa a komai banda tafiyar. Kanta kuwa abin takaici ne. Shekara da shekaru ina roƙonta ta zauna in gyara mata shi, ita kuwa da almakashin kicin take datse abinta, ta fito gari ko a jikinta, mutane suna tambayata ko aikina ne.

Tana gama makaranta ta shiga masana'antar rini da ke bakin kogi, inda mata ke zama layi-layi suna zana fure da tsuntsu a kan silikin kimono, rigarmu ta gargajiya. A can ta koyi riƙon buroshi, a hannun wata da ta girme mu, Fukue, wadda har yau take kira Yaya. Da mutane suka daina sa kimono sai ranar biki, masana'antar ta rufe. Ba a daɗe ba mijinta, direban bas ne, ya rasu, 'yarta tilo kuma ta yi aure can kudu. Mun ɗauka za ta zauna ta rungumi talabijin kamar sauran zawarawa. Sai ga ta da kwando a bayan keke, cike da fentin ruwa da akwatin alli mai launi, tana bin gidajen mutane tana zana su.

Ba ta zana dutse, ba ta zana kogi. Ta ce dutse ba inda za shi, mai son gani ya buɗe taga. Ita mutane take zanawa a cikin ɗakinsu, kuma sai lokacin da rana ta karkata, hasken ya biyo ta ƙofar takarda ya shigo a hankali. Wanda ya sa gilashi a ko'ina ya cire takarda, ko ya roƙe ta ba za ta je ba. In ta amsa za ta zana ka, to ka tanadi haƙuri da shayi. Za ta zo ta zura ƙafa ƙarƙashin bargon teburin ɗumi, ta ɓare lemo, ta sha shayi, ta tambayi lafiyar surukarka, ta tashi ta tafi ba ta taɓa buroshi ba. Gobe ma haka. Sai ka fara zaton ta manta abin da ya kawo ta, sannan za ka ga ta jingina allonta a gwiwa. Da fentin ruwa take farawa, daga baya ta bi da alli tana murzawa da ƙaramin yatsa. Kuma ba mai ganin aikin sai ya ƙare. Tana tashi take lulluɓe allon da ƙyalle ta ɗaure. Ni da kaina na sha gwada leƙawa, na sha duka a bayan hannu.

A shekarar da nake ba da labari, hukuma ta yanke za ta faɗaɗa titin da ya bi ta bayan haikali, kuma gidan su Fukue na cikin waɗanda za a rushe. Da an gama hutun sabuwar shekara ɗansu Norio zai zo ya kwashe su, ita da mijinta Tomezo Sekiya, zuwa gidansa na Tokyo, can saman bene. Fukue ba ta yi gardama ba. Gwiwarta ta gaji da dusar ƙanƙara, kuma tana son jikokinta. Abu ɗaya ta roƙa. Ta zo shagona ta tarar da Hisae tana karanta mujalluna a banza kamar kullum, ta ce mata tana so ta tafi da ɗakinta. Ɗakin zaman nan na kudu, inda ta yi shekara hamsin tana ɗinki, tana faɗa da Tomezo, tana shan shayi. Tunda ba ya ɗaukuwa, a zana mata shi, da ita da tsohon a ciki. Hisae ta ajiye mujallar ta ce, “Yaya, ko ba ki roƙa ba.”

Na san ɗakin nan sarai. Ƙofofin takardarsa Tomezo ne ya sassaƙa katakonsu da hannunsa lokacin aurensu, don kafinta ne, kuma na kirki, ko da yake bakinsa ba ya barin a yabe shi. A ƙa'ida kowane gida kan canza takarda kafin sabuwar shekara. Amma Fukue ta yi shekaru tana kawo dalili. Bana bayan tsoho na ciwo, baɗi takarda ta yi tsada, wata shekarar kuma ta ce ai ba ta yi datti ba. Takardar ta sha hayaƙin turare da na tabar Tomezo har ta koma ruwan zuma. Ga faci ko'ina, don in takarda ta huje Fukue takan yanka ƙaramin fure ta manna a kan ramin. Uku na ƙasa yatsun jikoki ne, lokacin da suka zo hutu suna rarrafe. Na gefe ƙafar kyanwarsu ce da ta mutu. Babban na tsakiya kuwa gwiwar hannun Tomezo ce, ranar da ya dawo daga bikin haikali ƙafarsa ba ta jin maganarsa. Shi dai har gobe cewa yake iska ce. In rana ta karkata ta daki dusar ƙanƙarar tsakar gida, hasken kan ratso takardar nan ya cika ɗakin, ɗumi-ɗumi, da inuwar kanyar da aka rataye a waje tana bushewa. Ko mai mugun hali ya zauna a ciki sai ya yi kyau.

Ranar da za a fara, ni na gyara wa Fukue kai. Na yi aiki, ba yabon kai ba: na naɗe, na tayar, na fesa mai har iska ba ta iya motsa gashi ɗaya. Ta sa kimononta mai ruwan toka na zuwa biki. Tomezo ya fito da kwat ɗin da ya sa a auren Norio, yana warin maganin asu. Na bi su don in ga yadda aikina zai fito a hoto. Suka durƙusa gefe da gefe, baya a miƙe, hannu a cinya, fuska a ɗaure, tsakaninsu kuwa akwai filin da mutum biyu za su zauna. Hisae ta dube su, ta dubi kan Fukue, ta juyo ta harare ni, ta ja kwandon lemo gabanta.

Haka aka yi ta yi. Kullum da rana ta karkata su shirya su durƙusa, ita kuma ta ci lemo, wani lokaci ta jiƙa buroshi ta yi ta shafe-shafe a allo, idonta ba ya ma kansu. In ta ce su saki jiki, sai Tomezo ya ƙara ɗaga haɓa. In ta ce su yi hira, sai ya ce, “Ke, yi magana,” don tun da na san su ban taɓa jin ya kira sunan matarsa ba, Fukue kuma ta ce ba ta da abin cewa. Mutanen da ake jin faɗansu har bakin titi a kan gishirin miya, sai ga su shiru kamar baƙi a tashar jirgi.

Wata safiya Hisae ta shigo shagona ba ta ko kalli mujalla ba. Ta ce hoton ya ƙi zuwa. Ta ce waɗannan biyun da ke durƙusa mata ba ta san su ba, in ta zana su, hoton jana'iza za ta ba Yaya ta tafi da shi Tokyo. Sauran 'yan kwanaki shekara ta ƙare, masu rusau har sun kafa turakunsu masu jan ƙyalle a bakin shinge. Ban taɓa ganin Hisae cikin tsoro ba sai ran nan, kuma na ji tausayinta, ko da yake ta ƙara da cewa rabin laifin na kan da na gina wa Fukue ne. Na ce mata mai datse gashi da almakashin kifi ba ta da bakin magana a nan.

Ana cikin haka Fukue ta tafi ƙauyensu ta kwana biyu, don ta yi sallama da ƙanwarta ta kuma gaida kaburburan iyayensu. Ranar da ta dawo, daga tashar bas shagona ta biyo in tayar mata da gashin da matashin kai ya kwantar. Hisae ta same mu a can, muka taka mu uku zuwa gidan, muna bin 'yar hanyar da aka share a cikin dusar ƙanƙara. Tun daga zaure na ji warin ɗanyen kunun manna takarda. 

Fukue ta ja ƙofar ɗakin. Fari fat. Ƙofofin nan duka sun sha sabuwar takarda, a miƙe, ba ko alamar tattara, aikin gwani. Hasken da ke shigowa mai sanyi ne, irin na ɗakin jiran likita, ya tona kowane tabo a tabarma da kowane layi a fuskokinmu. Ba fure ko ɗaya. Tomezo na durƙushe a wurinsa cikin kwat, ya sha aski, yana jiran yabo.

Da ya ga ba mai magana, sai ya fara bayani da kansa. Ya ce hoton nan a falon surukarsu za a rataye shi, baƙin Tokyo su zo su gani. Ba zai yarda a ce Sekiya kafinta ya tsufa a bayan takarda mai faci kamar wandon ɗan makaranta ba. Ban da haka, gidan da ya rufa musu asiri shekara hamsin ba a sallamarsa da datti. Ko gobe za a rushe shi, sabuwar shekara ta same shi da sabuwar takarda, haka ubansa ya koya masa. Ya yi kwana biyu yana jiƙawa, yana ɓarewa, yana mannawa, shi kaɗai da ciwon bayansa. Gaskiya ni ma a raina na san ba ƙarya ya faɗa ba. Uwata da tana raye da ta ce ya yi daidai. Amma garin neman gira ya rasa ido.

Fukue ta ajiye jakarta a hankali. Muryarta ba ta tashi ba, shi ya sa na ƙara tsorata.

“Baban Norio, ina furannina?”

“Faci dai.”

“Ina yatsun yaran nan? Ina kyanwata? Abin da na ce a zana mini ke nan, kai kuma ka wanke shi ka zubar a kwata.”

Ya ce ai ɗaki ta ce, ga ɗaki nan. Ta ce ɗakin wa, ita ba ta san wannan wurin ba. Daga nan fa aka ɓalle. Ta tuno masa shekarar da ya yi wa tukunyar da take tsima kayan lambu fenti don ta yi kyau, tsimin ya lalace. Ya tuno mata rigarsa ta aiki da ta bayar ba ta tambaye shi ba. Ta ce rigar da kanta ta roƙi a rabu da ita. Ya cire kwat ya jefar don zafi, ita kuma ta sa hannu ta yamutsa kan da na ɓata safiya ina yi, ina ji ina gani. Na juya in ce wa Hisae mu ba su wuri, sai na ga baiwar Allahn nan ta zauna a kusurwarta, ta kwance ƙyallen allo, ta buɗe akwatin alli a kan tabarma. Ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna mini ƙasa. Na zauna.

Fukue ta taka har gaban ƙofar tsakiya. Ta tsaya tana huci, hawaye a idonta. Sai ta lashi ɗan yatsanta, kamar yadda kowane yaro a ƙasar nan ya taɓa yi aka zane shi, ta luma shi a cikin sabuwar takardar. Ɓus. Ta zare, ta matsa gefe, ta ƙara wani. Tsohuwa mai jikoki, wadda ta koya wa rabin matan garin nan ladabin zama.

Na ɗauka Tomezo zai yi tsawa. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya fita, muka ji yana jan akwatin kayan aikinsa. Ya dawo da kwanon kunun da ya rage, da buroshi, da wani lebur ɗin gwangwanin alewa. Ya durƙusa gaban ƙofar, ya buɗe gwangwanin yana kallon gefe. Furannin ne. Duka, har da babban na gwiwar hannu. Ashe kafin ya jiƙa tsohuwar takardar sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa ya ɗaga, ya jera su tsakanin yankakkiyar jarida don kada su naɗe.

“Ke,” ya ce, “riƙe kwanon. Iska na shigowa.”

Ta tsaya tana kallon gwangwanin. Sannan ta durƙusa kusa da shi, gwiwa na taɓa gwiwa, ta karɓi kwanon. Ta ce ba wannan ba, wannan na kyanwa ne, wurinsa can gefe. Ya ce to ai ba rami a gefe. Ta miƙa yatsa ta yi masa ramin. Ya ce ta bari haka nan, takardar nan mai tsada ce. Ta ce jikoki uku ne, ta ga rami biyu. Sai ga tsohon nan, da yatsansa mai kaushi kamar reshe, ya huda na ukun da kansa, can ƙasa daidai tsayin mai rarrafe. Fukue ta fashe da dariya tana share ido da bayan hannu, kunun na ɗiga a kimononta.

Ni dai ina zaune ina jin ƙarar alli a bayana, shuu, shuu, ba tsayawa. Na saci kallon Hisae. Harshenta a waje kaɗan kamar lokacin da muke aji ɗaya, yatsunta sun yi kaca-kaca da launi, ta ɗauki wannan ta yar, ta ɗauki wancan, ta murza da ƙaramin yatsa. Ko lemo ɗaya ba ta taɓa ba. Su kuwa sun manta da mu gaba ɗaya, suna gardamar ko babban furen a dama yake ko a hagu, har rana ta faɗa bayan dutse ɗakin ya fara duhu.

A nan ne Fukue ta tuna. Ta juyo, fuskarta ta sake faɗuwa, ta ce, “Hisae, ki yi haƙuri. Mun ɓata miki aiki. Hasken ya riga ya tafi.”

Hisae ta busa ƙurar alli, ta juyo da allon. Wannan ne karo na farko da na ga ta nuna wa wani aiki a gaban idona. Ɗakin ne, na da. Takardar ruwan zuma, inuwar kanya, furannin kowanne a wurinsa, hasken nan mai ɗumi kwance a kan tabarma. Duk ranakun da muka ɗauka lemo kawai take ci, ashe ɗakin take kwashewa da fentin ruwa, ta bar gurbi a tsakiya. A gurbin kuwa ga tsofaffi biyu da alli, kai ya kusa haɗuwa da kai, shi da fure a yatsa, ita da kwano a hannu, gashinta a yamutse, bakinta a buɗe tana gaya masa ya yi kuskure.

“Hasken na ɗauke shi tuntuni, Yaya,” in ji Hisae. “Ku ne kuka ƙi shigowa.”

Tomezo ya matso ya ƙura ido. Ya daɗe. Abin da ya iya cewa shi ne ta yi masa hanci babba, kuma katakon ƙofar hagu ya karkace. Muryarsa dai ba ta fito daidai ba, ya yi ta gyaran maƙogwaro yana ɗora laifi a kan ƙurar alli. Ni kuwa na nuna cewa an ci amanar sana'ata, tunda duk Tokyo za ta ga kan nan ta ce aikin Tatsuko ne. Ba wanda ya saurare ni. Fukue ta tashi ta ɗora ruwan shayi, Hisae ta ja kwandon lemo ta rama abin da ta rasa.

An rushe gidan bayan dusar ƙanƙara ta narke. Hisae ba ta je kallo ba, tana gidan mai sayar da tofu, wato awara, tana cinye masa lemo, don shi ma ya ce a zana shi da uwarsa. Har yanzu tana nan da kekenta da kwandonta da mugun askinta, kuma har yanzu ba ta bari na leƙa allo ba.

Fukue takan bugo waya shagona, don ta san a nan za ta sami mu biyun. Ta ce gidan Norio ba laifi, akwai ɗumi, bango guda gilashi ne tun daga ƙasa har sama, rana na shigowa har ta ishe ka. An rataye hoton a bangon ciki, nesa da taga, don Hisae ta gargaɗe su rana na cin fentin ruwa. Ta ce kullum da rana ta karkata, tsohon sai ya ja matashinsa da jaridarsa ya je ya zauna a ƙarƙashin hoton, a lungun da ya fi ko'ina duhu a gidan. Rannan surukarsu ta ga abin ya yi yawa, ta ce, “Baba, ka dawo bakin taga mana, za ka ɓata idonka.”

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Nan ya fi haske.”